Shinkafar Garatu

Matan ba su gama tafi ba Muniratu ta hango direba Kolo ya durƙusa yana kwance ƙusoshin na'urar.

Na'urar busar da shinkafa ce, ita ce kuma abin alfaharin binciken da Dakta Zikrullahi na sashen kasuwanci yake yi kan sana'o'in matan karkara. Muniratu ɗalibarsa ce, ba ta da digiri sai ya sa hannu. Da yake ƙanwar mahaifinta, Goggo Rahmatu, ita ce shugabar masu turara shinkafa a Garatu, sai ya turo ta ta ce wa matan kowa ta jiƙa shinkafarta ta turara, na'ura na zuwa. Suka yarda, domin 'yar gida ce ta faɗa. In ba haka ba, wace mai hankali za ta turara shinkafa da yawa a tsakiyar marka? In ta kwana biyu ba ta bushe ba, sai tsami da fumfuna, ko kaji ba sa so.

An zo, an yi jawabi, an ɗauki hoton Dakta yana dariya haƙora waje, ga Goggo da kwarya a gefensa. Shi ke nan.

"Dakta, ina za a kai na'urar?" in ji Muniratu.

"Gobe baƙin da suka ba da tallafi za su je wani ƙauye ta hanyar Bida. Can za a kafa ta."

"Ai na ɗauka guda biyar aka sayo."

Ya gyara hula. "Hoto biyar dai za a ɗauka. Ke yarinya ce, ba ki san yadda ake bincike ba."

Muniratu ta dubi farar shaddarsa, ta shaƙi turarensa, ta ji kamar ta tofar da yawu. Shekara biyu tana riƙe wa mutumin nan jaka, tana rubuta yadda za a fitar da mata daga talauci. Ashe su ne hajar.

Goggo ta matso, hannunta duk ƙaiƙayi. "Muni, gyara za su yi mata ne? Yaushe za mu fara zuba?"

Goggo ta dubi Kolo, ta dubi manyan tukwanen da ke ta tururi, ta dubi hadarin da ke haɗuwa a gabas. Ba ta yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi ciwo.

"Ba komai. Ke ce ba za ki ƙara aiko mana saƙo ba."

Dakta ya leƙo daga mota. "Muniratu, kwanto ƙyallen nan mu wuce, akwai babi na huɗu na kundin digirinki da zan duba miki."

Ta kwanto shi daga jikin bishiyar mangwaro. Ƙaton ƙyallen leda ne mai kauri, da hoton Dakta da rubutun ƘARFAFA MATA. Ta naɗe, amma ba ta nufi mota ba. Ta ja shi zuwa rumfar kwano ta kasuwa, ta shimfiɗa a ƙasa.

Ana ta danna mata odar mota, ta ɗauko kwaryar farko ta juye jiƙaƙƙiyar shinkafa daidai kan haƙoran Dakta, ta sa ƙafa ta baza.

"Goggo, a kawo sauran," ta ce. "Yau dai zai yi amfani."