Koren Gari a Murhun Banda

Tun da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, ɗakin gwajin makarantar da Malam Mainasara ke koyar da kemistiri a Wara bai sake ganin ko ƙwayar sinadari ba. Sakkwato ta ce yanzu ba 'ya'yanta ba ne, Birnin Kebbi ta ce a bari ta sami kujerun zama tukuna. Kullum sai alli da fatar baki: idan an gasa kwafa kabonet, wato gishirin tagulla, korensa yakan juye baƙi, iska ta fice. Yara su rubuta, su haddace. Ga jarrabawar gwaji ta ƙarato, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin abin da idonsa. Wannan ne ke ci wa Malam tuwo a ƙwarya, don shi ya san gani ya kori ji.

Da ya gaji da kai kuka, sai ya shiga jirgin ruwa zuwa Yelwa, ya yi ta yi wa tsohon abokin karatunsa Isa magiya, har ya tsakuro masa cokali guda na koren garin kwafa kabonet ɗin a ƙullin takarda. A hanyar dawowa iska ta taso a tafki, igiyar ruwa ta watso cikin jirgin, ta jiƙa fasinja da buhunansu, har da aljihun Malam. Ya iso gida a galabaice, ya ajiye ƙullin a bakin taga, ya gaya wa mahaifiyarsa, Inna Larai, cewa kayan makaranta ne suka jiƙe. Ya ɗan kishingiɗa kafin la'asar, barci ya yi awon gaba da shi.

Ita kuwa Inna a bakin murhun bandar kifi ta tsufa. Duk abin da tafki ya jiƙa, gero ne ko tabarma, maganinsa ɗaya ne a wurinta. Ta juye garin a marfin kwano ta ɗora a kan raga tare da kifi. Da ta ga abin na nawa, ta sauko da shi kan garwashi.

Malam ya farka ya tarar da ita tsugune, tana tona garin da tsinke ko za ta sami sauran kore a ƙasa. Babu. Baƙi ƙirin kamar gawayi.

"Na ƙone maka shi, Mainasara," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba ki ƙone shi ba, Inna. Abin da za ni gwada musu gobe ke nan kinka yi."

Faɗa ma sai da ƙarfi, shi kuwa ba shi da sauransa. Ya zauna a kan turmi, ya roƙe ta ta faɗa masa yadda abin ya kasance. Ta ce da fari tururi ya tashi, sannan baƙin ya faro daga gefe yana cin koren a hankali, garin na motsi kamar kunu zai tafasa. Ya saurara zuciyarsa na ƙuna, don shi kansa rabonsa da ganin haka tun yana kwaleji.

Washegari ya ɗaga marfin kwanon a gaban aji, ƙaurin kifi na tashi, ya ce wannan garin jiya kore ne. Wata ɗaliba, Yasira, ta ɗaga hannu.

"Malam, kai ka ga sa'adda ya juye?"

"A'a," in ji shi. "Innata ta gani."

Ba wanda ya yi dariya. Suka sunkuya suka rubuta, kamar kullum.