Farar Ƙwayar Yaya Mahadi

Saura kaɗan Adawiyya ta fasa rubuta takardar nan. Aji huɗu kawai ta yi a firamaren Maska, ga kunya, ko ido ba ta iya haɗawa da likita, balle ta ce masa tana zargin maganinsa.

Ita ta ba yayanta Mahadi ƙoda bara. Ya murmure har yana leƙa gona. Sai ga busasshen tari, ba majina, ba zazzaɓin kirki, amma daga ɗaki zuwa zaure sai ya dafa bango yana haki.

Kowa a gidan da abin da yake zargi. Mahaifiyarsu, Inna Kulu, ta ce maganin ƙwarin da aka sa a buhunan masara ne. Aka kwashe buhu talatin zuwa gidan maƙwabta, tari bai ragu ba. Kawu Mudi ya ce Donatus mai kemis na Funtuwa ne ke sayar musu da jabu.

"Haba Kawu," in ji Mahadi yana numfashi sama-sama, "mutumin da aka haifa a bayan gidanku?"

"Yo a bayan gidanmu ba a haihuwar ɓarawo? Kai dai sha ruwa."

Matan unguwa kuwa, da Adawiyya ta shigo sai hira ta mutu. Ta san abin da suke cewa: ƙodarta ce ba ta karɓe shi ba.

Ita ke ba shi magani safe da yamma, kuma ba ta yar da fankon kwali, a gwangwanin madara take tarawa. Ran nan da la'asar ta zazzage su a tabarma. Da ta duba kwanan watan da asibiti ya rubuta a jikinsu, sai ta ga farar ƙwayar da likita ya canza masa, an fara ta ne lokacin da masara ke fitar da gemu. Tarin ya zo kafin a karya masarar, balle a sa mata maganin ƙwari. Kuma wannan ƙwayar daga asibiti aka ba su, ba daga shagon Donatus ba.

Ta tattara fankunan ta mayar cikin gwangwani. Dama likita ya ja kunnensu cewa idan aka daina shan ƙwayar, jikin Mahadi zai ƙi ƙodar. Idan kuma aka ci gaba, numfashinsa ne ke ƙarewa a gabanta.

Ta yagi takarda a littafin ƙanwarta, ta rubuta, ta soke, ta sake: "Likita, tarin ya fara bayan farar ƙwaya. Ba masara ba ce. Ka yi haƙuri."

Washegari da safe ba ta ba shi ƙwayar ba, ba ta kuma yar da ita ba. Ta ƙulle ta tare da takardar a bakin mayafinta, ta ɗauki gwangwanin, ta tare masu babur biyu.

"Ina kuma za ki kai shi? Ranar asibiti saura sati biyu," in ji Inna.

"Yau za mu je, Inna," ta ce, ta riƙo hannun yayanta.