Motar da Ta Ƙi Zuwa Lugu

"Ku tura mana, ko ba ku sha hura ba yau?"

Sahura ce ke magana daga bakin ƙofa, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da mafici. Samarin unguwa suka sake sa kafaɗa a bayan motar, suka gungura ta cikin rairayi har gindin itacen dogon yaro da ke kwanar layi. Abdul'aziz da ke wurin direba ya saki ƙafa. Motar ta yi tsalle kamar akuyar da igiya ta fizge, ta tsaya cik. Ko tari ba ta yi ba.

A kujerar baya uwarsa Ladidi ke kwance kan matashi, ƙullin kayanta a gefen ƙafafunta. Duk tsallen da motar ta yi sai ta runtse ido. Tun bayan kaka ciwon ciki ya kama ta. An kai ta likita an dawo, an kai ta Dosso an dawo, har likitan ya ja ɗan gefe ya gaya masa abin da kowa ya riga ya gani. Ita kuwa abu ɗaya ta roƙa: a kai ta Lugu inda aka binne cibiyarta, ta ga yayarta Hindatu da tsufa ya zaunar, ta kwanta a ɗakin uwarsu. Ɗan ya ce to. A gaban Sahura ya ce to. Aka yi sammako aka ɗauko tsohuwa, ya murɗa makulli, mota ta ce ba ta san zancen ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin Sahura da Ladidi a nan Dogon Dutsi, kuma katangar ma ta gaji da raba su, ta zube a tsakiya tun tuni. Wannan Abdul'aziz mai shago a kasuwa, mai gemu da ɗangalallen wando, a bayan Sahura ya yi fitsari tun ana ce masa Audu. Har yau Audu take ce masa, ko ya so ko ya ƙi.

Rana ta ɗaga, motar ta zama tanda. Aka fito da Ladidi aka shimfiɗe ta a zaure.

"Kar ku kai ni ciki," ta ce. "Nan ya hi kusa. In ta tashi sai ku ɗauke ni."

Aka aika a kira Is'haƙa bakanike. Ya zo da ƙarafansa cikin tsohon buhu, mutum mai tafiya kamar ba ya son ƙasa ta ji. Kafin ya iso duk unguwa ta zama bakanike. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce mai ne ya ƙare, wata ta leƙo ta katanga ta ce baki ne, don ba a ɗaukar mara lafiya a bainar jama'a.

Is'haƙa ya kunna fitilun gaba, suka kama tar. Ya danna oda, kaji suka watse.

"Batir da ranshi," ya ce. "Amma a kawo mini ruwan zahi in wanke mishi kai."

Sahura ta kawo buta da kanta, ta tsaya a kansa. Ya zuba, farar tsatsa ta narke, ya kankare, ya ɗaure tamau. Aka murɗa makulli, shiru. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi, ya rinƙa ƙwanƙwasa wani abu da ƙarfe.

"Murɗa."

Shiru.

"Ƙara murɗawa. Ka ji ko ɗan ƙwas?"

"Ban ji komi ba," in ji Abdul'aziz.

Aka aro batirin wata mota aka gwada, duk kanwar ja ce. Is'haƙa ya fito da rairayi a ƙeya, ya shiga wurin direba ya murɗa da kansa, ya daɗe yana kallon gabansa. "Ko 'yan hitilun nan na gaban direba ba su kamawa," ya faɗa kamar da kansa yake. Ya koma gaban motar ya buɗe wani ɗan baƙin akwati. Sahura ta leƙa. Wasu 'yan abubuwa ne jere a ciki, ja da shuɗi da rawaya, kamar haƙoran yaro. A tsakiyar jeren akwai giɓi guda. Is'haƙa ya ɗora yatsa a giɓin, ya bar shi can. Sannan ya ɗago kai ya dubi Abdul'aziz.

Abdul'aziz ya ce, "Zo mu gana." Suka koma gindin katanga suna magana ƙasa-ƙasa, rabi Hausa rabi Faransanci. Da suka dawo, Is'haƙa ya rufe akwatin, ya hau tattara ƙarafansa.

"Inna, sai an aiko da kaya daga Yamai," ya ce da Sahura.

"Wane irin kaya?"

"Ba za ki gane ba, Inna."

"Gaskiya ne, ban yi lakwal ba, ban san boko ba. To mi ya hana ka dube ni kana magana?"

Ya ɗauki buhunsa ya tafi.

Sahura ta juya ga ɗan. "Audu, a ɗauko wata motar. Motoci sun ƙare cikin Dogon Dutsi?"

"Inna, kin san hanyar. Rairayi da gargada. Motar haya jijjiga ta za ta yi, ba ta kaiwa. Wagga kuwa akwai sanyi a ciki. Kayan na isowa gobe, in sha Allahu."

Ba ta yarda ba. Da zafin ranar nan ta ja takalmi ta tafi tasha. Direbobi suka saurare ta, suka dubi juna. Babbansu ya ce, "Uwar Abdul'aziz? Mu ɗauke ta kwance, ɗanta bai ce ba? In wani abu ya hwaru a hanya, wa za ya tsaya muna?" Ta zage su daidai gwargwado, ta dawo ƙafafu na raɗaɗi.

Gobe ta zo, kaya ba su zo ba. Jibi ma haka. Abdul'aziz ya daina zuwa shago. Kullum da safe sai ya buɗe gaban motar ya tsaya yana kallon injin kamar mai gaisuwar mutuwa. Ladidi kuwa ta ƙi a kwance ƙullinta, ta ƙi a cire mata zanen tafiya. Duk motar da ta wuce a layi sai ta ɗaga kai daga tabarma, ta saurara, ta mayar.

Sahura na yi mata fifita, tana ɗiga mata kunu a baki da ludayi. Haƙurinta ya ƙare.

"Ke Ladi, yaron ga naki..."

"Bari," in ji Ladidi. Muryar ta zama siririya kamar zare. "Tun shina ƙarami, in bai son aike, ba ya cewa a'a. Sai ya ce ƙaya ta soke shi. In zauna in ɗora ƙahwarshi bisa cinyata, in yi ta tono da allura."

"Kin taɓa samun ƙayar?"

"Ban taɓa ba."

"To?"

"To wa ya sani, Sahura. Ƙila wannan karon akwai ta." Ta lumshe ido har Sahura ta zaci barci ne. Sai ta ce, "Cikin ƙullin akwai zane baƙi na Hindatu. Aro na yi ranar da anka kawo ni garin ga. Kullum sai in ce in na je."

Da hantsi washegari ta cika, a zauren, fuskarta na kallon ƙofa. Sahura ce ta shafe mata ido, ta ɗaure mata haɓa. Ba ta yi kuka ba, aiki ya yi yawa. Mata suka ɗora ruwa, ita ta zaga bayan gida ta tsinko ganyen magarya na wanka.

Daga gindin magaryar ana hango motar. Maza duk sun tafi, wasu haƙar kabari, wasu sanarwa. Abdul'aziz ya fito shi kaɗai, idanu jajur. Ana bukatar mota a ɗauko makara daga masallaci, a ɗauko tsofaffin dangi daga can bakin kasuwa. Ya duba hagu ya duba dama. Ya ɗaga gaban motar, ya buɗe baƙin akwatin, ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya fito da wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gujiya ba. Ya cusa shi a giɓin. Ya shiga ya murɗa makulli.

Murɗa ɗaya. Motar ta tashi lafiya lau, tana gurnani kamar kyanwar da ta ƙoshi.

Sahura ta zo ta tsaya a gabanta, ganye a hannu.

"Kayan Yamai sun iso ke nan."

Ya kashe motar. Bai fito ba, sai ta zagayo ta taga.

"Cikin aljihunka Yamai take, Audu?"

"Inna..."

"Tsohuwa na kwance cikin motar ga ana jijjiga ta kamar hatsi a ƙwarya, kai kana zaune kana murɗa makulli. Samari sun tura har sun yi amai. Ni na ɗauko buta ina zuba ruwan zahi kamar mahaukaciya. Abin shina nan bisa ƙirjinka."

"Inna, kin san abin da ke Lugu." Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. "Kin san borin da ta yi da ƙuruciya. In ta cika can, ba ni ke da iko da gawarta ba. Garaya za su kawo, su yanka abin da za su yanka, su ce doguwarta ta zo ban kwana. Uwata ce. Gara ta yi hushi da ni da ta je gaban Allah da wannan."

"Shekara nawa tana salla a gabanka? Goshinta har ya yi baƙi. 'Yar uwatta take son gani, ba iska ba. Zanen aro za ta maida."

"Ban sani ba."

"Ka tambaya? To a ce ma gaskiyarka. A ce malamanka sun hi mu sani. Mi ya hana ka durƙusa ka ce, Inna, ba ni kai ki? Ta zage ka, ta yi kuka, ta kwance kayanta, ta shiga ɗakinta ta mutu bisa gadonta. A zaure ta mutu, Audu, kamar baƙuwa, tana sauraren mota."

"Ƙaƙa zan dubi idonta in ce a'a?"

"Shi ya sa ka sa ƙarhe ya hwaɗa maka."

Ya kifa kai a sitiyari, kafaɗunsa na rawa. Sahura ta dube shi, ta dubi ganyen da ya fara yaushi a hannunta. Gawa na jira. Ta shige gida.

Ranar addu'ar uku ta yi abin da mace ba ta yi. Ta ratsa tabarmin maza har gaban mai unguwa da liman, ta durƙusa, ta zayyana komai, tun daga buta har aljihu. Is'haƙa na can gefe yana zane a ƙasa da tsinke.

Liman ya gyara murya. "Sahura, kwananta ya ƙare. Ko a Lugu ko a nan, ranar ba ta wucewa."

"Na sani, Malam. Ba ranta nike biɗa ba, wannan na mai shi ne. So nike ya hwaɗa da bakinshi, gaban waɗanda sunka tura, cewa motar ba ta da laihi."

Aka dubi Abdul'aziz. Yana jan tasbaha, kansa a ƙasa. Bakinsa ya motsa, amma abin da ya fito ba a ji ba.

"Yaro na cikin zahin rashi," in ji mai unguwa. "A yi haƙuri. Ki koma cikin mata, Allah shi ba ki lada."

"Haƙuri," ta ce. "Shi Ladi ta yi, ga inda ya kai ta."

Ta miƙe da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara. Aka ci gaba da rabon goro da dabino.

Ran da motar kasuwa ke bi ta wajen Lugu, ta ɗauki ƙullin Ladidi, yadda mai shi ta ƙulle shi, ta fito. Abdul'aziz na tsaye jikin motarsa, ya wanke ta tas, ya buɗe ƙofar baya. Matashin na nan a kujera, da lotsawar kai a tsakiyarsa.

"Inna, ki bari in kai ki."

"Ba ni shiga motar da ke mutuwa in ta ga dama."

Ta wuce. A tasha aka nuna mata wata tsohuwar mota da aka ɗaure ƙofarta da igiya, an lafta mata buhuna da jarkoki har ta durƙusa. Ta samu wuri jikin taga. Aka daɗe ana jiran cika, rana na dukan kwano. Da aka cika, direba ya murɗa makulli, motar ta yi wani nishi mai nauyi, ta sake yi, ta yi shiru.

"Batir ɗin ya tsuhwa," ya ce. "Maza a sauka a taimaka."

Maza suka sauka suna tsaki. Sahura ma ta yunƙura.

"Inna, zauna abinki, ba da ke ba."

"Wagga ai da gaske take," ta ce.

Ta ajiye ƙullin a kujerar, ta jingina shi da taga, ta sauka. Ta gyara ɗaurin zane, ta sa tafukanta biyu a ƙarfen mai zafi tsakanin wasu maza biyu da ba ta sani ba. Suka tura. Motar ta yi tsalle, ta yi tari, ta fesa musu baƙin hayaƙi, ta kama. Direba bai tsaya nan take ba, ya ɗan ja gaba don kada ta mutu. Sahura ta tsaya a tsakiyar hanya tana mayar da numfashi, tana kallon ƙullin a bakin taga, yana ɗan girgiza, ya riga ta yin gaba.