Gonar Rekiya ta Bakin Rafi

Da mijin Rekiya ya rasu a Ruwan Bago, ya bar mata 'ya'ya ƙanana da gona guda a bakin rafi, rabi tudu rabi kwari. Ba ta da mai noma mata, mutane suka yi ta ba ta shawarar ta sayar, ta ƙi.

Maƙwabcinsu Nasidi yana da shanun huɗa amma ba shi da gonar kirki. Ana gab da shuka suka je zauren Malam Mahmudu limami don a ƙulla musu yarjejeniya, ita ta ba da gona da iri, shi ya kawo shanu da ƙarfinsa. Rekiya ta so a ce amfanin kwari nata ne, na tudu nasa, don ta san kwarin ya fi albarka.

Malam ya ce, "A'a, shari'a ba ta yarda da haka ba. Duk abin da Allah ya fitar a haɗa a raba biyu."

Ta amince, ranta bai so ba.

Daminar 1988 ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. A watan Agusta rafi ya cika ya kwantar da dawar kwari kaf, ta tudu ce kawai ta tsira. Rekiya ta daina cin abinci sosai. Matan unguwa suka riƙa cewa ai Nasidi ya ji da kunnensa wane ɓangare ta zaɓa, kuma wa zai tsaya wa mace mai marayu?

Da kaka ta yi, wata safiya tana shara ta ji ƙarar amalanke a ƙofar gida. Nasidi ya yi sallama, suka gaisa, ya tambayi yara.

"Goggo, ina za a zuba miki? Malam ya tsaya an raba a gabansa, ga naki."

Ta leƙa ta ga dammunan dawa jibge har sun fi ƙarfin amalanken. Ta zauna a kan turmi.

"Duk wannan, Nasidi?"

"Akwai sauran sawu ɗaya."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce Allah ya yi masa albarka, ya raya masa zuri'a. Ya ce amin, sannan ya ce in ta yarda baɗi shinkafa zai zuba a kwarin. Ta ce sai dai su yi maganar bayan ya sha fura, ta shiga ɗaki neman ludayi.