Takalmin Tura Mota

Motar maigidana ba ta tashi da makulli, sai an tura ta. Kuma tunda 'yarmu ta yi aure, Auta ya tafi makaranta, duk faɗin gidan nan mai turin ni ce.

Abin kamar wasa ya fara. Wata safiya ya murɗa makulli, motar ta ce ƙas-ƙas ta yi shiru. Ya leƙo ta taga ya ce, "Maman yara, ɗan taɓa min ita mana. Kik ɗin tayar da inji ne, gobe zan kai wa bakanike." Na jingine tsintsiya na taɓa. Wannan goben ta ga damina, ta ga rani, ta sake ganin wata daminar.

Gidanmu a kan gangara yake, abin da ya ɗaure masa gindi ke nan. Sai ya buɗe get, ya shiga ya sa giya ta biyu, ya taka kuloci. Ni kuma in dafa but ɗin baya da hannu biyu in yi ta nishi har ta kama gangara. Daidai shagon mai kayan masarufi yake sakin ƙafa, motar ta yi tari, ta turnuƙe ni da hayaƙi, ta tashi. Ba ya tsayawa, don in ya tsaya mutuwa take yi. Sai dai ya fito da hannu ta taga ya ɗaga min, ya sha kwana. Da yamma leburorin sito inda yake aiki su turo min shi gida.

Silifas ɗina suka tsinke a turi, na koma sa tsohon kambas ɗin Auta, ina ajiye shi bayan ƙofa. Mai shago kuwa ya samu abin yi. Kullum sai ya ce, "Sannu da aiki, injiniya! Yau ma ta tashi?" In ce masa, "Ta tashi, saura kai ka tashi ka kama hannu." Ya yi dariya, bai taɓa motsawa daga bencinsa ba.

Ba ciwon kafaɗa ne ya dame ni ba, wallahi. Abin da ya dame ni shi ne mai turi ba ya shiga mota. Sau ɗaya na gwada, na bi ta a guje na kama murfin gaba, zanina ya nemi kwancewa a tsakiyar layi. Ban ƙara ba.

Ni kuwa kujerar gaban nan nake so. Mutumin nan a gida ba ya magana. "Sannu," "Akwai ruwan zafi?", shi ke nan, sai rediyo. Amma da can, in ya riƙe sitiyari idonsa na kan titi, sai bakinsa ya buɗe. A mota na ji yadda mahaifinsa ya rasu. A mota ya taɓa ce min da bai same ni ba da ya lalace. Duk wata magana mai daɗi da na adana daga bakinsa, a kujerar nan na ji ta. Tun da kik ya mutu, hirarmu ta mutu, na zauna da keken ɗinkina da bango huɗu. Kaɗaici ya ishe ni, har keken nake yi wa magana.

Na roƙe shi da daɗi, na yi faɗa, na yi gaba da shi, bai ma lura ina gabar ba. Yau bakanike ya yi tafiya, gobe kayan da ke kasuwa jabu ne, jibi ya ce, "Ai tana tashi, me ye na gaggawa?" In na matsa sai ya ce, "Ki kwantar da hankalinki. Ana gyara ta zan kai ki wurin 'yarki, mu sha hira a hanya." Wannan alkawarin nake turawa kowace safiya.

Ana nan bayana ya riƙe. Na farka na kasa ko juyawa. Ya yi kira daga waje, "Maman yara!" Na ce, "Malam, yau ba zan iya ba." Can na ji shi a bakin get yana roƙon mai shago da wasu masu wucewa. Na ji an tura, na ji an kwashe da dariya, wani yana cewa, "Ina injiniyar taka, ko ta yi yajin aiki?"

Washegari ina kwance na ji ya murɗa makulli. Motar ta tashi fes, ko tari babu.

Da ya dawo na tambaye shi. Yana cire takalmi ya ce, "Ashe ɗan abu ne, wata waya ce ta saki. Ko zama ban gama yi ba bakanike ya ɗaure ta."

Wayyo ni! Baƙin ciki ya kama ni. Duk nishin da na yi a gangarar nan bai kai dariyar mai shago ta safiya ɗaya ba. Amma na haɗiye, na ce ba komai, ai yanzu kujerar gaba ta dawo.

Da na samu sauƙi, ranar da ba ya aiki, na yi wanka na sa kayan da ya taɓa cewa suna min kyau. Na ninke 'yan rigunan da na ɗinka wa jikata, na zauna a falo da jaka a cinya. Ya fito yana kaɗa makulli.

"Ina zuwa haka?"

"Wurin 'yarka mana. Ka ce in an gyara."

"Au." Ya sosa ƙeya. "Tayoyin nan fa sun suɗe, ba a hawa babbar hanya da su. Bari gobe in kai a duba."

Ya fita wurin abokansa. Na zauna da jakar har turaren jikina ya daina ƙamshi.

Yanzu da safe ba mai kirana. Ina kicin zan ji inji ya tashi, in ji shi ya yi nisa. Kunya nake ji in faɗa, amma ina kewar turin nan. Ko ba komai, a lokacin akwai abin da ba ya iya yi sai da ni, kuma akwai hannun da ake ɗaga min.

Jiya ina tace shayi na ji muryarsa, "Maman yara!" Ban san sanda na zura ƙafa ɗaya a kambas ɗin Auta ba, na fito ina ɗingishi, zuciyata na dukan murna. Motar na waje, inji na aiki. Ya sauke gilashi kaɗan.

"Rufe get," in ji shi.

Ya ɗaga gilashin ya gangara. Na tsaya har ya sha kwana, ko zai fito da hannu. Sannan na ja get ɗin na sa sakata, na koma na cire takalmin na mayar bayan ƙofa kusa da ɗan'uwansa.