Farin Zare a Tukunyar Ƙarshe

Shekara uku Lamduan ta yi tana renon wata shinkafa a tashar binciken da take aiki, renon da ko jinjiri sai haka. Cikin tukwane arba'in guda ɗaya tal ta rage, ita ma abin tausayi, gajeruwa, ganye duk dabbare-dabbare. Idan ta mutu ba ta yi ƙwaya ba, aikin ya bi ruwa.

Ranar Alhamis mahaifiyarta, Inna Thongbai, ta zo daga ƙauye da kwandon shinkafa mai danƙo, ta kafe sai ta ga abin da ya hana 'yarta zuwa gida.

"Wannan? Ai ko akuyata ba za ta kalle ta ba. Cuta ce ta cinye ta."

"Ba cuta ba ce, Inna. A jikin shuka akwai sinadarai masu gadi. In sun gama faɗa da cuta, sai shukar ta ɗaura musu alama, ta niƙe su. Ita wannan ba ta iya ɗaurin ba, shi ya sa masu gadin suke ta dukan 'yan gida."

"Au, tsoro ne ya yi mata yawa," in ji tsohuwa, tana shafa ganyen. "Baiwar Allah."

Washegari suna karin kumallo Inna ta ce, ko a jikinta, "Na ɗaura wa marar lafiyarki farin zare, yadda muke wa majinyaci a ƙauye, don kurwarta ta dawo."

Lamduan ta saki lomar da ke hannunta. A tashar, farin zare ma'anarsa ɗaya ce: a ƙone. Kuma Kawu Sawaeng, mai kula da ɗakin shuka, bakwai na safiyar Juma'a yake kwashewa, mutumin da bai taɓa makara ba. Ta zura da gudu, takalmi ƙafa ɗaya.

Hayaƙi na tashi bayan ɗakin. Teburin da tukunyar take kai wayam. Ta fashe da kuka.

"Malama, kukan me?"

Ga Kawu a gindin mangwaro, tukunyar na kan cinyarsa.

"Ba ka ƙone ba? Akwai zare fa!"

"Na gani. Shekara talatin ina karanta zaren gidan nan. Naku ƙulli ɗaya ne, a shaƙe, na masu sauri. Wannan kuwa an bar wa kara wurin girma." Ya shafa wuyan hannunsa. "Rabona da irin ɗaurin nan tun rasuwar tsohuwata."

Lamduan ta yi dariya da hawaye. Ita da ke koya wa ɗalibai cewa a jikin shuka ma ba kowace alama ce ta niƙa ba, ɗaurin ake dubawa!

Can sai ga Inna tana haki, takalmin a hannu ɗaya, ragowar zaren a ɗayan.

"Miƙo hannu, sarkin gudu." Ta ɗaura wa 'yarta. Ta dubi Kawu. "Kai ma miƙo, tsoho."

Ya miƙo, ta ɗaura masa.