Jirgin da Inna Ta Wanke

Zaharaddini ya dawo Kura daga karatu da takardar shaidar da ba ta samo masa aiki ba, da kuma ɗan jirgin yaƙi mai tsawon tabarma, irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot. Masu wannan wasa sun sa gasa a Kano ranar Asabar. Ba tashi kaɗai ake dubawa ba, har da wanda ya fi kama da na gaske.

Na gaske kuwa ba ya ƙyalli. Tun ana dashen shinkafa yake sunkuye a kan nasa jirgin har ta fara fitar da kai. Da bakin allura ya ɗiga kawunan ƙusoshi a jere a jikin fiffike. Ya kankare fenti a inda takalmin matuƙi zai riƙa takawa. Ya zana baƙin hayaƙi daga bakin salansa, ya ja shi baya yadda iska za ta ja shi, ya sa tabon mai a ƙarƙashin inji. Ranar Laraba ya gama. Ya cire batir, ya ɗora jirgin a kan turmi a tsakar gida don ya sha iska, ya tafi aski.

Ya dawo ya tarar da mahaifiyarsa, Inna Indo, zaune gaban baho, ga toka ga soso. Tukwane a kife a jere suna sheƙi. A ƙarshen layin ga jirgi, shi ma a kife.

"Inna! Me kika yi?"

"Sannu ake cewa." Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. "Kai da ka yi karatu, ƙazanta har a fiffike. Waɗansu ƙuraje ma sai da na sa farce."

"Ƙusoshi ne, Inna."

"To, sun fita."

Ya zauna a kan turmin. Ya yi mata bayani a hankali: dattin da gangan ne, jirgin da ya je yaƙi haka yake dawowa, alƙalan gasa haka suke so.

"Su sojojin ba su da iyaye mata ne?" ta ce. "Ni da ake aron tukwanena ranar biki, a ce abu ya fita daga gidana da baƙin gindi? Ba da raina ba."

Washegari ya saɓi jirgin ya bi gefen kanal, hanyar ruwan noman rani, zuwa gonar Kawu Jaji, ƙanen Inna. Injin ban ruwa na ta tartatsi, bakin salansarsa baƙi ƙirin. Zaharaddini ya lakato baƙin da yatsa ya shafa wa jirgin. Ya fi fentin kyau, wannan kuwa ya ƙara ɓata masa rai.

"Ɗana," in ji Kawu, "mutane na kai mota wanki, kai ka kawo jirgi shafa datti. Yaya Indo ta sani?"

"Kawu, don Allah kada ta ji."

"Ni ba ruwana. Matata dai ba na rantse mata."

Wuni biyu yana bukkar gona yana mayar da ƙusoshi da allura, sauro na cizonsa. Ranar Asabar da hantsi ya naɗe jirgin cikin buhun shinkafa, ya ɗaure a bayan babur. Sai ya tuna rimot yana ɗakinsa, ya biya gida.

Inna na zaure, da jiƙaƙƙen tsumma a hannu. Matar Kawu ta riga shi zuwa.

"Kwance."

Ya kwance. Ta duba fiffike, ta duba ciki, ta shinshina.

"Wannan ma ya fi na da."

"Inna, in kika goge, ba ni da abin kaiwa Kano. Da shi zan tsaya gaban mutane."

"Ni ma da shi za a yi da ni gaban mutane."

Ta ɗaga tsumman. Bai riƙe hannunta ba, ba a yi masa tarbiyyar haka ba. Ya dai tsaya yana kallon ruwan da ke ɗiga kusa da salansa. Ta dube shi, ta dubi ƙurajen sauro a wuyansa, ta yi tsaki ta matse tsumman a ƙasa.

"Mayar da shi buhu. Ka ɗaure bakin sosai har ka wuce tasha."

"Na gode, Inna."

"Ban gama ba. In sun tambaye ka daga ina, me za ka ce?"

"Kura."

"Bunkure," ta ce. "Ka ce daga Bunkure kake."

A Kano, da mai lasifika ya tambaye shi garinsu, ya ce Bunkure. Jirgin ya zo na biyu. Har yau mutanen Bunkure suna tambayar wane ne.